Kofin da Yaya Ya Daina Wankewa

Ni ce na kai ƙarar yayana wurin Kawu. Gara in faɗi wannan tun da fari, don na san halina, in laifi nawa ne sai in yi ta kewaye-kewaye har mai sauraro ya gaji.

Mu biyu iyayenmu suka haifa, shi babba, ni ƙarama, kuma har yau da furfura ta fara leƙo mini Auta yake kirana. Mahaifinmu ya rasu ina goye, sai Kawu, wan mahaifiyarmu, ya kwashe mu zuwa gidansa a Kano. Shi ya riƙa goya Yaya a bayan kekensa zuwa makaranta, shi ya tsaya masa tsayin daka har ya zama injiniya. Saboda haka a wurin Yaya maganar Kawu ba ta faɗuwa ƙasa. Yana da shekara hamsin da ɗoriya, amma in wayar Kawu ta shigo sai ya miƙe tsaye kafin ya amsa.

Yanzu dukanmu muna Ingila. Ni ina zaune a Moss Side, cikin Manchester, ina aiki a wani kemis a Whalley Range. Shi yana Birmingham, a wani flat a Perry Barr, hawa na biyu. Matarsa ta rasu bayan doguwar jinya, 'yarsu ɗaya kuma tana uni, wato jami'a, a wani gari mai nisa. Da aka yi sadakar arba'in masu ta'aziyya suka ɗauke ƙafa, kamar yadda aka saba, kowa ya koma harkarsa. Yaya bai koma tasa ba. Mutumin da har hankicinsa sai ya goge, sai ga shi ya yi sati da jallabiya ɗaya. Ya rufe labule, ya daina zuwa aiki. Salla kaɗai ba ya bari, ita ma da ya sallame zai koma kujerarsa. Kofunan shayi suka taru a sink ɗin wanke-wanke, suka cika teburin falo, har da bakin taga.

Kowace Asabar nakan hau coach, doguwar bas ɗin nan, daga Manchester da robobin miya, kuka da taushe da kuɓewa, in jera masa a firji, in kwashe na wancan satin da bai taɓa ba. In wanke kofunan ina mita. Bakina ba ya shiru, kuma ba na tauna magana kafin in fitar. Wata rana na ce masa, "Yaya, kai aka fara yi wa mutuwa?" Na yi wata biyar ina wannan zirga-zirga, ko labule ban iya sa shi ya buɗe ba.

Da ƙyar na ja shi wurin GP, likitar unguwarsu. Ta sa sunansa a layin masu jiran ganin likitan damuwa, ta ce layin da tsawo, sannan ta miƙa masa wata takarda. Wai akwai zama da ake yi duk Alhamis a wani zaure kusa da shopping centre, wata dattijuwa Ba'indiya ce ke jagoranta, wadda ta yi ritaya daga aikin duba masu irin ciwonsa. Na ga ya ninke takardar ya sa a aljihu, na ɗauka a nan za ta ruɓe.

Bayan sati uku na shiga kicin ɗinsa na tarar da kofi ɗaya a wanke, an kife shi a gefen sink, sauran 'yan'uwansa na nan da daskararren shayi.

"Yaya, wa ya zo?"

"Ba kowa."

"To wa ya wanke wannan?"

"Ni."

"Guda ɗaya? Sauran laifin me suka yi maka?"

"Homework ne, Auta. Ɗaya ta ce."

Ranar ya yi mini magana mai tsawo, irin wadda rabon da in ji daga bakinsa tun kafin jinyar matarsa. Ashe yana zuwa zaman Alhamis ɗin. Ya ce Ba'indiyar tana haɗa abin da ta gada daga addininsu na Hindu da abin da ta koya a asibiti. A koyarwarsu ta dā, zuciyar mutum tana yawo ne tsakanin hali uku: nauyi, da motsi, da sarari. Shi yanzu yana cikin nauyi. Wanda ke cikin nauyi yakan zauna yana jiran marmari ya zo masa kafin ya tashi, alhali marmarin a bayan motsi yake tafe. Ta ce haka ta gani a wurin marasa lafiyarta shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa tsallakewa daga nauyi ya dira a sarari, sai ya bi ta motsi, ko da motsin kofi ɗaya ne. Kuma kada ya wanke kofin don ya ji sauƙi, in ya yi haka zai tsaya yana leƙen zuciyarsa, in bai ga canji ba ya karaya. Ya wanke shi don shi ne aikin da ke gabansa. Aikin nasa ne, abin da aikin zai haifar ba a hannunsa yake ba.

Na ce, "Yaya, wannan ai tawakkali ne aka ɗaura masa sari, zanen matan Indiya."

Ya yi dariya. Gajeriya ce, har da tari a ƙarshenta, amma dariya ce. Na juya masa baya na ci gaba da wanke-wanke don kada ya ga idona.

Daga kofi aka koma tukunya. Daga tukunya aka buɗe labule. Matar ta tambaye shi sau nawa yake salla a rana, da ya ce biyar sai ta ce ashe yana da ƙusoshi biyar a bango, ba sai an kafa sababbi ba, ya rataya wa kowace aiki ɗaya. Bayan asuba wanka, bayan azahar zagaya filin shaƙatawar unguwar sau ɗaya, bayan la'asar ya kira 'yarsa ko da gaisuwa ce kawai. Ta kuma koya masa wani abu da ya fi ƙauna. Ta ce a cikin kowane mutum akwai mai kallo, wanda yake ganin baƙin ciki ya zo, yake ganin ya lafa, shi kuma mai kallon ba shi da ciwo. In tunanin matarsa ya danne shi, ya zauna ya ƙirga numfashinsa, ya koma wurin mai kallon. Yaya ya ce shi dai in ya zauna haka salati yake a zuci, kuma yana jin ƙirjinsa na sakewa. Ya yi aski. Ya fara cin miyata har yana cewa gishiri ya yi yawa. Ya kira wurin aikinsa, aka shirya zai koma kwana biyu a sati.

Wata Alhamis ina hutu na ce bari in bi shi in ga wannan mata da idona. Zauren ba wani abin kallo, kujerun roba ne aka kewaya da su, da hita mai ƙara a lungu. Akwai wani tsoho ɗan Jamaika, da matan Pakistan biyu, da wasu Turawa. Ita kuma 'yar ƙarama ce, kanta fari fat, ta ɗora rigar sanyi a kan sarinta, da ɗigon ja a goshi. Kafin a fara ta ciro wata ƙaramar fitilar tagulla daga jaka, ta zuba mai, ta kunna, ta ajiye a teburi. Ta haɗa tafin hannuwanta ta faɗi wasu kalmomi da yarensu. Kowa ya rufe ido, ni na bar nawa a buɗe. Sai na ga yayana, wanda yake jan gidan Kawu salla tun yana ɗan shekara goma sha biyar, zaune gaban wuta, ido a rufe, hannu a haɗe.

Na daɗe ina gaya wa kaina tsoron Allah ne kaɗai ya kama ni a wurin. Akwai shi, ban ƙirƙira ba. Amma akwai wani abu a ƙarƙashinsa, kuma sunansa kishi. Wata biyar ina jigilar miya tsakanin garuruwa biyu ban samu ko murmushi ba, wata baƙuwa ta zo da kofi ɗaya ta tayar da shi.

Da aka tashi ta zo ta kama hannuna ta ce, da Turancinta mai laushi, ashe ni ce mai miyar, kullum sai ya yi zancena. Na zare hannuna. A bas na fara.

"Yaya, wuta fa? Kai da hankalinka?"

"Al'adarta ce, Auta. Tun ranar farko ta ce wanda bai so ba ya zauna kawai, ba dole. Ni ba wutar nake kallo ba, idona ma a rufe yake."

"Hannun fa da ka haɗa?"

"Gaisuwa ce. It's just respect."

"Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne."

Ya dube ni ya ce, "Ni ne makahon kenan."

Da yamma, ina cikin coach ɗin komawa, na kira Kawu. Ban yi ƙarya ba, wannan shi ne abin da na riƙa lallashin kaina da shi. Na faɗi wutar, na faɗi haɗa hannun, na faɗi ɗigon goshin da kalmomin da ba mu san ma'anarsu ba. Ban faɗi kofin ba, ban faɗi labulen ba, ban faɗi salatin ba. Don in ƙara wa maganar nauyi sai na ce, "Kawu, ba zuwan ne kaɗai ba. Har a gida yana yin abubuwan da ta koya masa."

Ranar Asabar ina kicin ɗin Yaya wayar Kawu ta shigo. Yaya ya miƙe ya amsa, kuma saboda kunnen Kawu ya yi nauyi da ƙarfi yake magana, duk abin da ya faɗa na ji. Bai tambayi komai ba. Ya ce bai goya yaro a keke ba don ya tsufa a gaban wutar wasu. Ya ce musulmi in an yi masa mutuwa haƙuri yake yi. Sannan ya ce, "In ka ƙara taka wurin matar nan, ko ka ƙara aiki da wani abu da ta koya maka, ban yafe ba, duniya da lahira."

Na leƙo na ga Yaya ya durƙusa a kan kafet, waya a kunne, kamar Kawu na ganinsa. Ya ce, "To, Kawu. Na ji. Allah ya huci zuciyarka." Da ya ajiye wayar bai tambayi wanda ya kai labari ba. Ya je ya zauna a kujerarsa. Ni kuwa a raina na ce rigakafi ya fi magani, na ɗumama masa miya.

Bai rushe rana ɗaya ba. Zagayen azahar ne ya fara tsayawa, don ita ta koya masa. Ƙirga numfashin ma haka. Kiran 'yarsa bayan la'asar ya daina, sai in ita ta kira. Ranar da zai koma aiki ta zo ta wuce. Daga baya layin asibitin ya iso kansa, wata ma'aikaciyarsu ta kira shi a waya ta yi masa tambayoyi, ya amsa mata kamar yadda ake amsa gaisuwa a gidanmu, komai lafiya lau, sai godiya. Ta rufe fayil ɗinsa. Kafin sanyi ya shigo labulen ya koma a rufe, kofuna suka dawo bakin taga.

Na gane abin da na yi, ban ma daɗe ban gane ba. Maganin kuwa a hannuna yake: in kira Kawu in gaya masa ragowar labarin, ya janye furucinsa. Kawu mai zafi ne amma ba azzalumi ba ne, da ya ji zancen salatin na san zai sauko. Amma sai in ce masa me? In ce ni, Auta, na kawo masa rabin magana? Na ce bari azumi ya zo, zukata sun fi taushi. Azumi ya zo na ce bari a yi salla. Sau ɗaya na daure na kira, na shirya kalmomina tsaf. Kafin in buɗe baki ya ce, "'Yar albarka, ke kika fizgo ɗan'uwanki daga halaka. Allah ya yi miki albarka." Na ce amin. Muka yi hirar ciwon gwiwarsa, na ajiye waya.

Ina bayan kanta a kemis, wata Talata da safe, ina liƙa takarda a kwalin maganin wata tsohuwa, saƙo ya shigo daga gida. Kawu ya faɗi a banɗaki wajen alwala, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Na yi kukan Kawu, ubana ne. Amma tun a wurin, da kwalin a hannuna, na san akwai abin da ya tafi da shi wanda ba mai dawo da shi.

Bayan an share makoki na je wurin wani malami a nan Manchester, mutum mai natsuwa, na zayyana masa komai ban rage ba. Ya ce neman magani ba saɓo ba ne, fitilar a bar mata abarta a ɗauki abin da ke da amfani. Ya ce furucin da aka gina kan rabin labari ba ya ɗaure kowa, kuma da marigayin ya san gaskiya ba zai faɗa ba. Na ɗauko wannan fatawa da ɗokina na kai Perry Barr.

Yaya ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malamin nan shi ya goya ni a keke?"

"Yaya, ni na gaya wa Kawu. Rabi na gaya masa. Laifina ne, ba naka ba."

"Na sani, Auta. Tun ranar na sani." Ba faɗa a muryarsa, da ma ya yi faɗan. "Amma da bakinsa ya faɗa. Da bakinsa kaɗai zai janye."

Na koma zauren ranar Alhamis, ni kaɗai, na jira har aka watse. Matar ta gane ni. Na ba ta labari ina kallon ƙasa, kunya kamar in nutse. Ba ta zarge ni ba. Ta ce da ta sani da ta bar fitilar a jaka, ba fitilar ce maganin ba. Ta ce wanke kofi ba na Hindu ba ne, ba nata ba ne, kowane likitan damuwa zai ce a fara da ƙaramin aiki, ita dai ta zo da shi ne ta ƙofar da ta sani. Ta rubuta mini sunan wani likita musulmi da suka taɓa aiki tare. Da zan tafi ta ce in ci gaba da zuwa ranar Asabar, in kai miyata, wannan shi ne aikina, abin da zai haifar ba a hannuna yake ba. Raina ya ɓaci. Na ce mata faɗa da baki ba wuya, ba ita ta ɗaure ɗan'uwanta ba. Ta ce haka ne.

Na yi sati shida ina lallashin Yaya kafin ya yarda ya ga likitan. Na raka shi, na zauna a gefe. Likitan ya yi masa sallama, ya yi masa ta'aziyya da addu'a, ya saurare shi da kyau, har na fara jin sanyi a raina. Sai ya ce, "Alhaji, za mu fara da abu kaɗan. Just one small task a day. Ko da kofi ɗaya ne ka wanke." Yaya ya ɗauki hularsa ya miƙe. A bakin ƙofa ya ce wa likitan ya yi haƙuri, an hana shi wannan.

A nan na ga iyakar abin da na yi. Da zuwan kaɗai Kawu ya hana, da an sami wata ƙofa. Amma na ƙara masa jimlar nan a cikin coach, shi kuma ya sa ta a furucinsa. Duk magani na gaskiya da za a kawo wa Yaya sai ya yi kama da nata, tunda ita ma gaskiyar ta faɗa masa. Ƙwayoyin da GP ta rubuta masa yana sha, suna sa shi barci, ba su buɗe labule. 'Yarsa ta gama uni ta sami aiki a wani gari, tana zuwa in ta samu hali, tana komawa da jan ido. Ba ta san wanda ya kira Kawu ba, kuma har yau ban gaya mata ba.

Ni kaina na gwada abin matar, tunda ni ba a hana ni ba. Nakan zauna bayan sallar asuba in ƙirga numfashi, in nemi mai kallon nan da ba shi da ciwo. Wataƙila wasu suna samunsa. Ni duk lokacin da na leƙa, wata mata nake gani a kujerar coach, ta manna waya a kunne, tana ƙara jimla ɗaya.

Shekara uku kenan. Asabar ɗin da ta wuce na je kamar kullum. Na jera robobi, na kwashe tsofaffi, na tattara kofuna daga falo da bakin taga, goma sha ɗaya. Ina cikin wankewa sai na ji shi a bayana, ya zo shan ruwa. Ya tsaya yana kallon kumfa. Na ɗauki kofi ɗaya da ban taɓa ba na ajiye a gabansa, na tura soso kusa da shi, na ci gaba da aikina kamar ban yi komai ba.

Ta gefen ido na ga hannunsa ya taso. Ya kai har kan kofin, yatsunsa suka taɓa bakinsa. Ya daɗe a haka, ruwa na zuba. Sannan ya janye hannun ya sa a aljihun jallabiya.

"Wanke shi, Auta," ya ce. "Ke ba a ce ba a yafe miki ba."